BABI NA TARA: AMFANI DA BAJE KOLIN KWAMFUTA WAJEN KOYAR DA ILLAR WARIYAR LAUNIN FATA DA ƘABILANCI

9.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce gani ya kori ji. Tun zamanin Turawan mulkin mallaka hukumomi suka fahimci gaskiyar wannan karin magana, shi ya sa suka riƙa zagayawa da majigi gari gari a ƙasar Hausa domin wayar da kan jama'a game da tsabta da noma da kiwon lafiya. A yau kwamfuta da wayar hannu sun gaji majigi, har sun zarce shi, domin suna iya shigar da ɗalibi cikin wurin da bai taɓa zuwa ba, ya waiwaya hagu da dama, ya matsa kusa da abin da yake son gani. Wannan babi zai duba yadda malamin Hausa zai yi amfani da irin wannan dama wajen koyar da wani darasi mai nauyi, wato illar wariyar launin fata da 'yar'uwarta ƙabilanci. An gina misalan babin a kan makarantun ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum da ke yammacin Jihar Zamfara, saboda a can wannan batu ya shafi rai da dukiya da zaman tare na yau da kullum.

9.1 Manufar Babi

Ana sa ran bayan kammala nazarin wannan babi, ɗalibi mai koyon aikin malanta zai iya:

(a) bayyana ma'anar wariyar launin fata da dangantakarta da ƙabilanci;
(b) nuna yadda harshe ke adana wariya, yake kuma yaɗa ta;
(c) kawo ire-iren baje kolin kwamfuta tare da misalansu;
(d) tsara darasin Hausa da aka gina a kan irin wannan baje koli;
(e) gano matsalolin da zai iya fuskanta da hanyoyin shawo kansu.

9.2 Ma'anar Wariyar Launin Fata

Wariyar launin fata ita ce ɗaukar cewa wani jinsi na mutane ya fi wani daraja ko hankali ko cancanta saboda launin jikinsa ko asalinsa, sannan a gina mu'amala ko doka a kan wannan zato. Ke nan tana da rassa uku. Na farko shi ne tunanin da ke cikin zuciya. Na biyu shi ne furucin da ke fita daga baki. Na uku kuwa shi ne aikin da ake zartarwa, kamar hana mutum aiki ko aure ko gona ko adalci a gaban shari'a.

Misalin da ya fi shahara a nahiyar Afirka shi ne mulkin wariya na Afirka ta Kudu daga 1948 zuwa 1994. A 1950 aka kafa dokar da ta tilasta yi wa kowane ɗan ƙasa rajista bisa launinsa, kuma wannan rajista ce ke yanke masa unguwar da zai zauna da makarantar da zai shiga da wadda zai aura. Ranar 21 ga Maris, 1960, 'yan sanda suka harbe mutum 69 a garin Shafbil yayin zanga-zangar ƙin jinin takardar izinin zirga-zirga da aka ɗora wa baƙar fata. Domin tunawa da wannan rana ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 21 ga Maris ta zama ranar yaƙi da wariyar launin fata a duniya.

Abin lura a nan shi ne, yarjejeniyar da Majalisar ta amince da ita a 1965 game da kawar da wariya ba ta tsaya a kan launi kaɗai ba. Ta haɗa da bambancin da ake nunawa saboda zuriya ko ƙabila ko ƙasar asali. Haka nan sashe na 42 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko garinsu ko jinsinsa ko addininsa ko yanayin haihuwarsa. Addinin Musulunci ma ya riga ya yanke wannan hukunci, kamar yadda aya ta 13 ta Suratul Hujurati da huɗubar bankwana suka tabbatar cewa tsoron Allah ne ma'aunin fifiko. Daga nan za a fahimci cewa wariyar launin fata da ƙabilanci da ƙyamar zuriyar bayi duk rassa ne na itace ɗaya.

9.3 Harshe a Matsayin Rumbun Wariya

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa malamin Hausa da wannan batu, alhali ga malaman tarihi da na zamantakewa? Amsar ita ce, wariya kan fara ne daga suna. Kafin a zalunci jama'a sai an fara laƙaba masu sunan da zai rage masu daraja a idon sauran mutane. A ƙasar Ruwanda, kafin kisan ƙare dangi na 1994 wanda ya ci rayukan mutane kimanin 800,000 cikin kwana 100, wani gidan rediyo ya daɗe yana kiran 'yan ƙabilar Tutsi da sunan kyankyasai. Wanda ya yarda maƙwabcinsa kyankyaso ne, ba zai ji nauyin murƙushe shi ba.

Harshen Hausa, kamar kowane harshe, yana ɗauke da kalmomin da suka cancanci nazari ta wannan fuska. Kalmar "gwaranci" an samo ta ne daga sunan wata al'umma mai harshenta da tarihinta, amma aka mayar da ita tana nufin maganar da ba ta fita daidai. Kalmomin "arne" da "bacucane" da "nyamiri" da "baƙauye" duk sukan fito a bakin yara a filin wasa ba tare da sun san nauyinsu ba. A ɗaya ɓangaren kuma, Fulani kan kira wanda ba Bafulatani ba da "kaɗo", jam'insa "haɓe", kuma ma'anar kalmar kan sauya daga bayani zuwa raini gwargwadon muryar da aka faɗe ta da ita. Har wa yau, akwai gidajen da ke ƙyamar ba mahauci ko maroƙi ko jikan bawa aure, duk da cewa an haramta bauta baki ɗaya a Arewacin Nijeriya tun 1936.

Ya kamata malami ya yi hattara da wani kuskure da masu nazari kan faɗa. Ba kowace kalma mai ɗauke da "baƙi" ko "fari" ce ke nuni da launin fata ba. "Baƙin ciki" da "farin ciki", ko "baƙin jini" da "farin jini", adon harshe ne da ya dogara a kan duhu da haske, kuma Bahaushe baƙi ne yake furta su ba tare da ya ji sun shafe shi ba. Haka kuma wasan barkwanci tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi, ko Gobirawa da Yarbawa, hanya ce ta sassauta gaba da ƙulla zumunci. Bambancinsa da ƙabilanci shi ne, ɓangarorin biyu sun amince da shi, kowa na ramawa, kuma ba a hana kowa haƙƙinsa saboda shi. Iya rarrabe waɗannan abubuwa aikin malamin harshe ne.

9.4 Mene Ne Baje Kolin Kwamfuta?

Baje kolin kwamfuta shi ne tsara kayan tarihi ko hotuna ko muryoyi ko gine-gine a cikin kwamfuta ta yadda mai kallo zai ji kamar yana yawo a cikinsu. Ana iya kasa shi gida huɗu bisa ga yadda ake shigarsa:

(i) Baje kolin hoto da bayani. Wannan shi ne mafi sauƙi. Ana jera hotuna da takardu da sautin murya, mai kallo na wucewa daga wannan zuwa wancan. Kowace wayar zamani na iya buɗe shi.

(ii) Ziyara ta hoto mai zagaye. A nan an ɗauki hoton wuri na gaskiya ta kowace kusurwa. Mai kallo na jan yatsarsa a kan allon waya ya juya gabas ko yamma, ya shiga ɗaki ya fita.

(iii) Duniyar kwaikwayo. Wannan gari ne ko gini da aka ƙera a cikin kwamfuta, inda kowane mai shiga ke da mutum-mutumin da ke wakiltarsa, yana tafiya yana magana da sauran masu ziyara. Manhajar Second Life da aka buɗe a 2003 da wasan Minecraft suna cikin wannan rukuni.

(iv) Kwaikwayon zahiri. Wannan na buƙatar wani tabarau na musamman da ke rufe idanu, ya sa mutum ya ga kamar yana tsaye a tsakiyar wurin. Shi ne mafi tasiri a zuciya, shi ne kuma mafi tsada.

9.5 Misalan Baje Kolin da Suka Shafi Wariya

Akwai misalai da dama da malami zai iya zaɓa daga cikinsu. A 2015 kamfanin Google tare da hukumar gidan tarihin tsibirin Robin suka samar da ziyarar hoto mai zagaye ta kurkukun da Nelson Mandela ya shafe shekara 18 daga cikin shekaru 27 da ya yi a tsare. Ɗalibi zai iya ganin ɗakinsa, wanda tsawonsa da faɗinsa ba su wuce mita biyu da 'yan kai ba. A wannan kurkuku hatta abinci da tufafi sai da aka bambanta: a farkon zamansa fursuna baƙar fata gajeren wando ake ba shi komai shekarunsa, kuma rabonsa na abinci bai kai na Ba'indiye ba.

A 2008 gidan tarihin tunawa da kisan Yahudawa da ke birnin Washinton ya gina baje koli a cikin Second Life game da daren da aka farfasa shaguna da wuraren ibadar Yahudawa a Jamus a watan Nuwamban 1938. Mai ziyara kan shiga ne a matsayin ɗan jarida mai bincike, yana bin tituna yana sauraron shaidun waɗanda suka tsira. Gidan tarihin Baƙaƙen Amurka da aka buɗe a Washinton a 2016 ya sanya wani sashe na kayansa a intanet a 2021. Sashen ilimi na Minecraft kuma ya fitar da jerin darussa a 2020 game da masu fafutukar neman 'yanci, ciki har da Mandela da Martin Luther King.

Game da cinikin bayi kuwa, akwai rumbun bayanai na SlaveVoyages wanda ya tattara labarin tafiye-tafiyen jiragen bayi kimanin 36,000, tare da hoton kwaikwayo na cikin jirgin da ke nuna yadda ake jera mutane kamar buhuna. An ƙiyasta cewa mutum miliyan 12.5 aka ɗora a jiragen, waɗanda suka isa gaɓar Amurka da rai kuwa kimanin miliyan 10.7 ne. Wannan tarihi ya shafi Bahaushe kai tsaye, domin Hausawan da aka kai yankin Bahiya na ƙasar Barazil sun shirya bore a 1807, sun kuma sake tayarwa a 1809 da 1814. Ɗalibin da ya ji cewa akwai masu harshensa a cikin waɗannan jirage zai kalli hoton da wata zuciya dabam.

9.6 Fa'idar Hanyar da Iyakarta

Fa'ida ta farko ita ce, baje koli na kawo wa ɗalibi abin da ba zai iya zuwa gare shi ba. Yaron da ke Bukkuyum, wanda ko Gusau bai taɓa zuwa ba, zai iya tsayawa a ƙofar ɗakin Mandela. Ta biyu, yana ba ɗalibi hujja a hannu, wato hoto ko takarda ko muryar shaida, maimakon dogaro da maganar malami kaɗai. Ta uku, yana buɗe bakin ɗalibai, domin yaro ya fi sakin jiki ya yi magana a kan abin da ya gani da idonsa. Ta huɗu kuwa, wadda ta fi muhimmanci ga yankin da ake magana a kansa, ita ce nisa. Tattauna zaluncin da ya faru a wata ƙasa ya fi sauƙi ga aji mai ɗauke da raunuka sababbi, kuma daga can ne za a lallaɓo zuwa gida.

Sai dai bai kamata a ɗauka na'ura kaɗai na iya wanke zuciya ba. Bincike biyu da aka gudanar sun isa misali. A 2009 masu bincike a Jami'ar Istanfod ta Amurka sun sanya mutane cikin mutum-mutumi baƙar fata, sai suka tarar son zuciyar da ke ɓoye a ransu ya fi na waɗanda aka sanya cikin mutum-mutumi farar fata. A 2013 kuma wasu masu bincike a birnin Basalona na ƙasar Sifen suka yi gwaji makamancin wannan, suka tarar son zuciyar ya ragu. Wannan saɓani na nuna cewa sakamakon ya danganta ne ga yadda aka tsara abin da kuma abin da ya kewaye shi. A cikin aji, abin da ya kewaye shi shi ne malami da tambayoyinsa.

9.7 Daga Nesa Zuwa Gida: Yammacin Zamfara

Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka take naka ka hango na wani. Darasin da ya tsaya a kan zagin Turawan Afirka ta Kudu bai kai ga gaci ba. Dole ne a ƙarshe ɗalibi ya waiwayo ya dubi garinsu.

Matakin farko na wannan waiwaye shi ne tarihin mulkin mallaka. A ƙarƙashin dokar birane ta 1917, an ware wa Turawa unguwanninsu, aka bar fili mai faɗin yadi 440 tsakaninsu da mazaunin 'yan ƙasa, bisa hujjar kare Turawa daga zazzaɓin sauro. An kuma keɓe Sabon Gari domin baƙin da suka zo daga Kudu. Mataki na biyu shi ne halin da Hausawa kan shiga a inda suke 'yan tsiraru. A watan Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Bulu Nayil ta ƙasar Sudan tsakanin Hausawa da wasu ƙabilu a kan ƙasa da sarauta, aka kashe fiye da mutum 100, kuma tushen rikicin shi ne kallon Hausawan a matsayin baƙi duk da daɗewar kakanninsu a can. Ɗalibi zai ji zafin wannan, kuma wannan zafi ne malami zai riƙe ya shiga mataki na uku da shi.

Ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum ta daɗe tana tara jama'a iri iri. Anka ce mazaunin Sarkin Zamfara tun ƙarni na 19, bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a ƙarnin da ya gabace shi. Zamfarawa da Fulani da sauran Hausawa da maƙwabtansu Dakarkari na ƙasar Zuru sun yi cuɗanya ta kasuwa da aure da noma. Manomi kan gayyaci makiyayi ya zauna a gonarsa bayan girbi domin taki, a yi musayar hatsi da nono. Cinye burtali da makiyaya, da satar shanu, da rashin adalci wajen yanke hukunci, da yaɗuwar makamai, su ne suka taru suka ɓata wannan zama. 'Yan bindiga suka addabi ƙauyuka da kisa da garkuwa da mutane da ɗora haraji. 'Yan sa kai kuma a wurare da dama suka riƙa ɗaukar doka a hannunsu, har suka kashe Fulanin da ba a tabbatar masu da wani laifi ba. A farkon watan Janairun 2022 an kai hare-hare a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda gwamnatin jiha ta ce an kashe mutum 58, mazauna yankin kuma suka ce adadin ya kai kimanin 200.

Abin da ya shafi malamin harshe a nan shi ne yadda sunan ƙabila ke komawa sunan laifi. Idan "Bafulatani" ya zama yana nufin ɗan bindiga a bakin yaro, ko "Bahaushe" ya zama yana nufin ɗan sa kai a bakin wani yaron, to an shiga hanyar da Ruwanda ta bi. Gaskiyar magana ita ce, akwai Fulani da yawa da aka sace wa shanu aka kuma kashe masu 'yan'uwa, akwai kuma Hausawa a cikin masu kai wa 'yan bindiga labari da kaya. Laifi na mai laifi ne. A aji ɗaya a garin Anka, wanda ya karɓi dubban 'yan gudun hijira, za a iya samun yaron da aka kashe mahaifinsa a gona yana zaune kusa da yaron da aka ƙona rugarsu. Dukansu amana ce a hannun malami.

9.8 Matakan Gabatar da Darasi

Ga samfurin tsari domin aji uku na ƙaramar sakandare, wanda za a gabatar cikin darasi uku, kowanne minti 40.

Shiri kafin darasi: Malami ya fara ziyartar baje kolin shi kaɗai daga farko har ƙarshe. Ya zaɓi wurare uku ko huɗu kawai, ya kauce wa hotunan gawawwaki. Ya fassara bayanan zuwa Hausa mai sauƙi, domin yawancinsu da Ingilishi suke. Ya sanar da shugaban makaranta abin da zai koyar. Ya kuma san tarihin ɗalibansa, musamman waɗanda rikici ya shafa.

Darasi na farko, kallo da saurare: Malami ya rubuta kalmomin "wariya" da "adalci" da "asali" a allo, ya nemi ɗalibai su faɗi abin da suka fahimta. Sannan a kafa ƙa'idar zama: ba a ambaton sunan wani ɗan aji ko gidansu, ba a tilasta wa kowa magana. Daga nan a shiga ziyarar tsibirin Robin. A kowane wuri malami ya tsaya ya yi tambaya uku: Me kuka gani? Wa ya yanke cewa haka za a yi? Me kuke jin mutumin da ke ciki yake tunani?

Darasi na biyu, magana da nazarin kalmomi: A ba da labarin ɗaliban Soweto da suka fito ranar 16 ga Yuni, 1976, domin ƙin amincewa da tilasta masu karatu da harshen Afirkans, aka buɗe masu wuta. Wannan zai nuna wa ɗalibai cewa harshe kansa na iya zama makamin danniya. Sai a raba su rukuni rukuni, a cuɗanya su, kowane rukuni ya tattaro kalmomin da ake kiran wasu jama'a da su, ya kasa su uku: na bayani, na barkwanci, na raini. Daga nan a tattauna karin magana biyu masu karo da juna, wato "wake ɗaya shi ke ɓata gari" da "kowa ya ɗebo da zafi bakinsa". Wanne ne ya dace a yi wa al'umma hukunci da shi?

Darasi na uku, rubutu da ƙirƙira: Kowane ɗalibi ya rubuta insha'i na siffantawa a kan abin da ya gani, ko wasiƙa zuwa ga wani ɗalibin Soweto. Bayan haka aji ya haɗa nasa baje kolin mai taken zaman tare. A ɗauki hotunan kayan da ke nuna cuɗanyar jama'ar yankin, kamar ƙwaryar nono da damin gero da fartanya da sandar kiwo da kayan saƙa, a rubuta wa kowanne bayani da Hausa, a kuma naɗi muryar wani dattijo ko dattijuwa, da izininsu, suna ba da labarin yadda ake zaune a da. Idan akwai mai jin Fulatanci ko Dakarci a aji, a ba shi damar faɗin sunayen kayan da harshensa. Ta haka yaron da ake yi wa kallon bare zai zama malamin 'yan ajinsu na ɗan lokaci.

Aunawa: Malami ya duba ingancin insha'i ta fuskar ƙa'idojin rubutu da tsarin tunani, ya kuma lura ko ɗalibi na iya rarrabe mai laifi da ƙabilarsa a cikin abin da ya rubuta.

9.9 Matsaloli da Hanyoyin Magance Su

Matsala ta farko ita ce ƙarancin kayan aiki. Makarantu da yawa a yankin ba su da wutar lantarki ko ɗakin kwamfuta. Wannan ba ya hana darasi. Waya ɗaya mai babban allo na iya zagaya rukuni biyar, ƙaramin majigi mai aiki da batir ko hasken rana kuma na iya wadatar da aji guda.

Ta biyu ita ce rashin tabbas na layin sadarwa. A watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a duk faɗin Jihar Zamfara na tsawon makonni saboda dalilan tsaro. Saboda haka malami ya riƙa naɗar ziyarar a wayarsa a lokacin da ya sami layi mai ƙarfi, ya adana ta, domin ya nuna ba tare da intanet ba. Idan hakan ma ya faskara, sai ya buga hotunan a takarda ya manna su a bangon aji bi da bi, ɗalibai su zagaya.

Ta uku ita ce tayar da tsohon miki. Idan yaro ya fashe da kuka ko ya yi shiru na daban, kada a matsa masa. A bar shi ya fita ya huta, malami ya same shi daga baya a keɓe.

Ta huɗu ita ce jarabar mayar da wariya wasan kwaikwayo. Gidan tarihin mulkin wariya da aka buɗe a Johannasbag a 2001 kan ba masu ziyara tikitin "fari" ko "wanda ba fari ba" bisa ƙuri'a, kowa ya shiga ta ƙofarsa. Wannan ya dace da baƙin da za su watse bayan awa biyu. Bai dace da yaran da za su ci gaba da zama tare ba, domin sunan da aka laƙaba wa yaro a aji kan bi shi har gida. Matsayin da ya fi dacewa da ɗalibi shi ne na shaida mai bincike, kamar yadda aka yi a baje kolin Washinton da aka ambata.

Ta biyar ita ce son zuciyar malami kansa. Shi ma ɗan yankin ne, wataƙila an taɓa nasa. Wajibi ne ya auna kalmominsa kafin ya shiga aji, domin kalma ɗaya daga bakinsa ta fi hoto ɗari nauyi a kunnen yaro.

Ta shida ita ce tsaro. Kada a tura ɗalibai ƙauyuka ko daji neman hoto, kada a ɗauki fuskar kowa, kada kuma a yaɗa muryar dattijon da aka naɗa a wajen makaranta.

9.10 Kammalawa

A wannan babi an bayyana ma'anar wariyar launin fata, aka nuna cewa ita da ƙabilanci tushensu ɗaya, kuma harshe ne hanyar da suke bi su shiga zuciyar yaro. An kawo ire-iren baje kolin kwamfuta guda huɗu da misalansu, aka nuna fa'idarsu da iyakarsu. An kuma tsara yadda malami zai ɗauko ɗalibai daga Afirka ta Kudu ya biyo da su ta tarihin mulkin mallaka da halin Hausawan Sudan, har ya sauke su a Anka da Gummi da Bukkuyum. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaran da ke zaune a ajin malamin Hausa a yau su ne za su yanke shawara nan da shekaru kaɗan ko za su ɗauki fansa ko za su koma cin kasuwa ɗaya, kuma kalmomin da suka koya suna kiran juna da su na cikin abin da zai rinjayi wannan shawara.

9.11 Tambayoyin Auna Fahimta

1. Bayyana ma'anar wariyar launin fata tare da rassanta uku.
2. Wace dangantaka ke tsakanin harshe da wariya? Kawo misali biyar daga Hausa.
3. Bambanta wasan barkwanci da ƙabilanci.
4. Kawo ire-iren baje kolin kwamfuta, ka nuna wanda ya fi dacewa da makarantar karkara tare da dalilanka.
5. Me ya sa aka fi son a fara darasin da misalin wata ƙasa kafin a zo gida?
6. Tattauna matsaloli huɗu da malami zai iya fuskanta da yadda zai magance su.

9.12 Aikin Yi

Tsara darasi na minti 40 domin aji ɗaya na babbar sakandare a kan cinikin bayi, ka nuna baje kolin da za ka yi amfani da shi, da tambayoyin da za ka yi, da aikin rubutun da za ka ba ɗalibai. Ka gabatar da shi a gaban 'yan ajinku a lokacin gwajin koyarwa.